Layar Injin Sassaƙa

Ku matso kusa, ku zauna nan bakin tabarma. Abin da zan faɗa ba na ɗaga murya ba ne, don katangar gidanmu gajeruwa ce, maƙwabciyata kuma kunnenta ya fi nawa, ni da ake yi wa gorin kunne.

Ni ba mai yawo ba ce. Tunda aka kawo ni Sabon Garin Jega, in kun gan ni a waje to biki ne, ko rasuwa, ko asibiti. Karatuna bai wuce in gane sunan magani da lambar waya ba, sai ɗan abin da ya sawwaƙa na allo. Amma shagon maigidana manne yake da gidan, bango ɗaya ne tsakaninsa da madafata, kuma akwai wata 'yar taga can sama da magini ya bari don iska. Ta wannan tagar na yi karatun kafinta ba tare da na taɓa riƙe guduma ba. Na san kukan zarto in ya dakushe, na san muryar mai tayin gado wanda ba saye zai yi ba.

Maigidana kafinta ne, gadaje da ƙofofi da kabad. Wansa kuwa, wanda duk muke ce wa Alhaji, albasa ce sana'arsa a Aliero, yana loda ta kudu. Gidan da muke ciki da shagon duk na Alhaji ne. Wata rana Alhaji ya ga wani inji a waya yana sassaƙa fure a jikin ƙofa shi kaɗai, ba hannun mutum, sai wata kwamfuta a gefe tana ba shi umarni. Bai shawarci kowa ba. Motar da ta kai albasa ita ta dawo da injin, na hannu, wanda wani ya riga ya yi aiki da shi, an ɗaure shi da igiya, yana warin albasa kamar a can aka haife shi.

Ina tankaɗe na ji Alhaji yana cewa, "Wanga abu shi za ya hisshe ka. Kana zaune, shina aiki. Amma ka jiya da kyau. Gidana na Aliero ya kusa ƙarewa, ƙohwar zaure wanga inji nika son shi sassaƙa. In bai yi ba in sai da abina, in sa haya nan, kai ko ka kwashi iyalinka ku koma Birnin Malam. Gona na can tana jiran hannu."

Rariyar ta kusa suɓuce mini. Birnin Malam garin dangin mijina ne, mutanen kirki, ba na ƙinsu. Amma can babban gida ne, tukunya ɗaya, in girki ya zo kanki sai kin tuƙa tuwon da zai ci da rabin unguwa. A nan kuwa ina da famfona, da zogalena, da ɗakin da in na rufe ba mai tambayata me na rufe. Tun daga ranar nan injin ya zama nawa fiye da na mai shi. Ko tari ya yi sai gabana ya faɗi.

Mutumin da ya zo ya haɗa shi yini ɗaya ya yi mana. Ya nuna inda ake kunnawa, ya nuna inda ake kashewa, ya ci tuwo, ya ce sauran duk aikin "ji-kod" ne, wato yaren lambobin da ake rubuta wa injin, kuma ko'ina ana samun bayaninsa. Daga nan wayarsa ba ta ƙara shiga ba. Littafin da ya zo da injin da rubutun China yake, rabinsa ma ɓera ya riga mu karantawa.

Maigida ya auna ƙofa da tef ɗinsa yadda ya saba, inci kaza a tsaye, inci kaza a kwance. Ya kai wa mai shagon kwamfuta na bakin tasha, wanda ke buga katin biki, ya zana masa fure babba da zai cika ƙirjin ƙofa, ya zuba masa a filash. Aka ta da janareto. Injin ya yi gurnani, ya sunkuyar da baki, ya je can kusurwar katako ya yi ta susa a wuri ɗaya. Da ya gama aka hure ƙura. Furen ya fito, ba abin da ya rage, kowane ganye yana nan, sai dai duk girmansa bai kai murfin kwalbar lemo ba.

Wani kafinta maƙwabcinmu, wanda tun zuwan injin yake leƙe, ya ce, "Ma sha Allah. Wagga ƙohwar gidan tururuwa ta?"

Daga nan aka shiga neman littafin ji-kod.

Maigida ya fara da waya. Kullum sai in ji wani Ba'indiye yana zuba Turanci kamar ana korarsa, maigida yana cewa "dakata, dakata," kafin ya dakata data ta ƙare. Aka saka shi a wani guruf na masu irin wannan injin. Ya ɗauki hoton furen ya tura, ya yi tambayarsa da murya, da sallama da komai. Amsoshi suka yi ta shigowa, wayar tana ta ƙara, ni har na fara murna. Ashe wannan ya ce Allah sanya albarka, wancan ya ce Allah tsare, wani ya turo sanarwar rasuwa, wani yana tallar maganin basir. Mutum ɗaya ne ya taɓo zancen, ya ce shi ma nasa haka yake yi, in an samu amsa a taimaka masa.

Ranar kasuwar Jega maigida ya je wurin mai sayar da littattafai ya ce yana neman littafin kod. Mutumin bai ko yi jinkiri ba, ya ce akwai, saura ɗaya, ya naɗe masa a leda. Da ya iso gida muka buɗe tare. Ni da ba karatu gare ni ba na ga hoton saniya cikin jan alwatika, da mota tana gangara. Littafin dokokin tuƙi ne. Yana nan har yanzu, da shi nake danne murfin tulu.

Aka ce masa akwai wani tsohon hedimasta a Maiyama da ba littafin da babu a ɗakinsa. Ya hau mota ya tafi. Dattijon ya karɓe shi hannu biyu, ya zaunar da shi tun hantsi har azahar yana ba shi labarin yadda boko ya lalace, sannan ya ɗauko masa littafin koyon keken rubutu, ya ce duk inji inji ne. A tsakanin nan maigida ya gwada cinkar lambobi da kansa, ya karya bakin injin, wato ɗan ƙarfen da ke yankan, ya sake karya wani, har ya rage saura guda. Ya rantse ba zai ƙara danna abin da bai gani a rubuce ba.

To a lokacin surukata, Inna, tana wurinmu ana yi mata maganin ƙafa. Ita tun ranar furen tururuwa ta gama bincikenta.

"Baki na," in ji ta. "Mutum shi auna abu kamu-kamu, shi hito kamar ƙwayar gujiya? Ƙanƙance mai aiki anka yi. Wancan mai leƙen, ban yarda da idonai ba."

Kullum da safe sai ta sa in zuba mata garwashi a kasko, ta dogara sanda ta zagaya shago tana turara injin. Maigida kuwa yana cikin masu cewa a bar rataye-rataye, ko yaranmu bai yarda a ɗaura musu komai ba. Amma uwa ce. Sai ya kau da kai ya yi kamar yana neman ƙusa.

Ana haka Alhaji ya bugo ya ce an gama fenti, jibi zai zo ya ga aiki. Na kasa cin abinci. Na tsaya ina kallon zogalena kamar mai ban kwana.

Washegari Allah ya kawo sauƙi. Wani direba ya gaya wa maigida akwai wani malamin makaranta a Aliero da ke koyar da aikin inji. Ya bi kwatance ya same shi yana ɗaure kaya a mota, zai tafi garinsu hutu. Malamin ya dubi hoton furen ya yi dariya. Ya ce, kai kana magana da inci, shi kuma injin da milimita yake ji, wadda ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Duk abin da ka faɗa yana yi maka, amma da ma'auninsa. Ya ce ba littafi kake buƙata ba, shafi ɗaya ne. Ya shiga ya bugo masa takarda mai gida-gida, kowane gida da harafi da lamba, a gefe an faɗi aikinta. Ya sa jan biro ya zagaye guda, ya ce wannan za ka rubuta a layin farko, ita ke gaya masa inci ake nufi. Maigida don murna ko lambar wayarsa bai karɓa ba. Ya ninke takarda ya cusa cikin hula, don hadari ya taso.

Ya iso gab da magariba a jiƙe, janareto kuma ba mai. Ya ajiye takardar a kan injin ya danne da guntun katako, ya shigo tsakar gida yana washe baki. Maganar da ya yi ina iya maimaita ta yadda ta fito, don kunnena bai yar da komai:

"Alhamdu lillahi! Na samo maganin abin wurin wani malam Aliero. Ya rubuto min. Yac ce da an sa mai, shi ke nan."

Inna tana kan tabarma tana jan carbi. Ta ɗaga kai ta ce, "To. Yanzu kaz zo hanya."

Da asuba maigida ya wuce Maiyama jana'izar wani abokin sana'arsa, ya ce zai dawo da man janareto. Ni ina fama da wanki a bayan ɗaki. Na dai ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar Inna ta fita, na ɗauka turaren da ta saba ne. Ashe ta shiga shago ta ga takarda. Ku sa kanku a idonta: takarda mai gida-gida, kowane gida da harafi da lamba, ga jan zagaye a tsakiya, kuma daga hannun malam. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san sunan wannan. Hatimi ne. Kuma ba a barin hatimi a ƙarƙashin guntun katako ƙura tana hawansa. Da ƙafarta mai ciwo ta taka har wurin baduku na bakin masallaci.

Maigida ya dawo kafin azahar. Na ji yana ɗaga katakai, yana jan akwati. Na hau turmi na leƙa ta taga. Ga laya sabuwa, jar fata, tana reto a wuyan injin daidai saman bakinsa. Ga Inna a gefe kan kujera 'yar tsugune, ta miƙe ƙafa.

"Inna, ina takardar da ni aje nan?"

"Ga ta nan ka gani, na sa an yi mata sutura."

"Inna lillahi! Inna, wagga takardar boko ta. Karanta ta za ni yi."

"Malam yab ba ka ko ba malam ba?"

"Malam na, amma malamin..."

"Kac ce magani na ko ba ka ce ba?"

"Na ce, amma ba irin..."

"Yac ce a sa mai ko bai ce ba?"

"Ya ce."

"To na sa mai. Mi ar rage?"

Ya ɗauko reza. Inna ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce laya in an farke ta a gaban abin da aka yi ta dominsa ta karye, kuma in yana son ya farke ta sai ya fara ɗauke uwarsa daga wurin. Ya mayar da reza. Ya shigo madafa yana zufa, yana tambayata ko na ji ya ambaci lambar jiya. Na ce bai ambata ba. Ya ce shi dai ya san akwai biyu a ciki, ko ashirin ce, ko biyu ce zalla, ko ashirin da wani abu. Bakin inji kuma saura ɗaya.

Sai ga ƙarar motar Alhaji. Na ce a raina shi ke nan, mai hankali ya zo, zai raba gardama. Ya shiga ya gaida Inna, ya dubi layar, ya sa yatsa ya ɗan juya ta.

"Ai da tun hwarko anka yi haka da ba a ɓata lokaci ba," in ji shi. "Ni kowace mota tawa da tata. Kak ka taɓa ta. Mu yi salla mu ci abinci, in an yi la'asar ka tashe shi mu gani."

Suka tafi masallaci. Na sauko daga turmi. Na dama fura na kai wa Inna har shago, abin da ban saba ba. Na durƙusa na gaishe ta da aiki, na yaba layar, sannan na matsa na ƙura mata ido.

"Inna, wane baduku na yay yi wanga ɗunki?"

"Na bakin masallaci. Mi?"

"A'a, ba komi. Na ga dai zaren ya yi gwari-gwari. Kuma hwata guda ta. Kin san wurin ga ƙura da baƙin mai, in sunka kai ga rubutun malam..." Na ɗan kau da kai. "Ko da yake ƙila ya ga tsohuwa ta, yac ce ba za ki lura ba."

Inna ta ajiye ludayi. Duk duniya ba abin da ta tsana kamar a ce an raina mata wayo. Ta sa na ciro layar, ta kai ta dab da ido, ta juya.

"Ɗan banza! Sai da nic ce mai shi ninka hwata biyu!"

Maigida yana dawowa ta miƙa masa. Ta ce ya koma wurin wannan macucin, ya tsaya a kansa, a sake mata gida mai kauri, kada ya matsa ko nan da can sai an gama. Ya dube ta, ya dubo tagar da na koma ina leƙe. Ban taɓa ganin mutum ya yi wa uwarsa biyayya da irin wannan gudu ba.

Daga baya ya ba ni labari. Baduku ya yi ta mita yana farke ɗinkinsa, shi kuma ya warware zaren da aka naɗe takardar da shi, ya buɗe ta, ya ɗauki hotonta a waya har sai da ya tabbata ya fito. Basillar baduku ta huda takardar daidai cikin jan zagayen, amma Allah ya taimaka kan sifiri ta faɗa, ramin ya tsaya a madadinsa. Harafin G ne da ashirin. Abin da muka yi ta nema daga Jega zuwa Maiyama ke nan, ko numfashi ɗaya bai kai ba wurin faɗa.

Aka rataya laya mai fata biyu. Bayan la'asar ya ta da janareto, ya tsaya gaban kwamfuta ya yi 'yan danne-danne da yatsa ɗaya. Inna ta ce bismillah. Injin ya yi gurnani, ya taso daga kusurwar da ya saba laɓewa, ya miƙe har tsakiyar katako, ya shiga yanka. Ƙura ta turnuƙe har madafata, ban ko rufe miya ba. Kafin rana ta yi ja ganyen fure na farko ya fito, faɗinsa ya fi tafin hannun Alhaji.

"Allahu akbar," in ji Alhaji. "Kun gani? Hwata biyu."

Kafintan nan mai leƙe ya ce shi dama ya san abin na Allah ne. Inna ta ce masa ya matsa daga bakin ƙofa.

Ƙofar tana can a zauren Alhaji, masu wucewa suna tsayawa kallo. Mu kuma muna nan Jega, ban tuƙa tuwon rabin unguwa ba. Maigida ya sa an sake buga takardar daga hoton waya, an manna mata leda, ya ɓoye ta a aljihun tebur kamar kayan sata, sai ya waiwaya kafin ya ciro. Layar kuwa tana wuyan inji, shi da ke hana a ɗaura wa yara. Abokansa na masallaci sun yi masa magana, ya ce ta Inna ce.

Inna ta warke ta koma Birnin Malam da labari. Yanzu ba a mako sai wani ya yi sallama yana tambayar kwatancen malamin Aliero: mai injin niƙa, mai famfon ban ruwa, har da wata mata da keken ɗinkinta ke tsinka zare. Maigida yakan ce malamin ya yi tafiya, kuma da farko gaskiya ce.

Amma hutu ya ƙare, malamin ya dawo, kuma Alhaji ya ji. Shekaranjiya ya bugo waya, ina jin muryarsa daga madafa. Damina ta sa albasar da ya ajiye ta fara ruɓa, yana son ƙanensa ya raka shi ranar Asabar wurin malam, a rubuta masa irin ta injin ya rataya a rumbu. Ya ce har rago ya tanada na sadaka.

In maigida ya faɗi gaskiya, ya mai da uwarsa da wansa abin dariya a gari uku, kuma a gidan wannan wan muke kwana. In ya yi shiru, ranar Asabar zai tsaya gaban malamin makaranta da Alhaji da rago. Tun jiya yake zagaya tsakar gida yana tambayata dabara, wai ni ce mai dabara. Ni kuma tawa ta ƙare a fata biyu.

To ku da kuka zauna kuka ji duka, in ku ne, me za ku ce wa Alhaji kafin Asabar?